Tambaya da Amsa: Digiri na Biyu a Fasahar Noma

Tambaya: Assalamu alaikum. Kimiyyar kwamfuta na karanta a digiri na farko, amma ina sha'awar yin na biyu a fasahar noma da samar da abinci mai ɗorewa. Za a karɓe ni kuwa? Kuma me ake koyarwa a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ana karɓa. Wannan fanni yana ɗibar ɗalibai daga aikin gona, injiniyanci, kimiyyar halittu da kwamfuta, sai dai kowa da inda ƙafarsa ke ɗingishi. Wanda ya fito daga aikin gona, lissafi da ƙididdiga ne ke ba shi wahala. Irinka kuwa, ƙasa da tsiro ne ba ka sani ba, don haka tun kafin a buɗe makaranta ka nemi littafin farko na ilimin ƙasa da na yadda tsiro ke rayuwa, ka zauna a kansu.

Kwasakwasan yawanci sun haɗa da ilimin ƙasa da taki, ban-ruwa, tsara gwaji da ƙididdiga, nazarin gona ta hoton tauraron ɗan'adam, adana amfani bayan girbi, da tattalin arzikin noma. Ga ɗanɗanon irin lissafin da za ka tarar. In an ce gona na buƙatar kilo 60 na naitirojin a hekta, yuriya kuma kashi 46 cikin 100 ne naitirojin ɗinta, to kilo 130 za a zuba, ba 60 ba. A ban-ruwa kuma, milimita 1 a kan hekta guda lita 10,000 ce. In zafi da iska na kwashe milimita 6 a yini, masara a tsakiyar girmanta ana ninka mata wannan da 1.2 bisa ƙa'idar 1998 ta FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a samu 7.2, watau lita 72,000 kullum. Wanda irin wannan bai gundure shi ba zai ji daɗin karatun. Ka koyi manhajar R ta ƙididdiga da QGIS ta taswira tun yanzu, duk kyauta ne.

Tambaya: Wanne ya fi, digirin shekara ɗaya ko na shekara biyu?

Amsa: A Birtaniya yawanci shekara ɗaya ne, a mafi yawan sauran ƙasashen Turai kuma biyu, kamar a Jami'ar Wageningen ta Holan. In aiki kake nema da wuri, na shekara ɗaya ya wadatar. In kana hangen digiri na uku, nemi na shekara biyu, domin shuka ba ta bin kalandar jami'a: watanni uku ko huɗu na rubuta kundi ba su isa a shuka, a girbe, a yi nazari ba, shi ya sa da yawa kan ƙare da aiki a kan bayanan da wani ya tattara. Kafin sunan jami'a ya ruɗe ka, bincika wane malami ne ke aiki a kan abin da kake so, me ya wallafa a shekaru uku da suka wuce, kuma sashen yana da gonar gwaji da ɗakin awon ƙasa ko babu. Tallafin karatu irin su Erasmus Mundus da DAAD ana rufe neman su watanni da dama kafin fara zango, don haka shirin takardu na shekara guda ne.

Tambaya: Malam, ina gwada takin gargajiya da na zamani. Na raba gona biyu, kowane ɓangare na zuba nasa, na auna tsirrai 30 a nan, 30 a can. Malamin da ke duba kundina ya ce ba ni da maimaici ko ɗaya. Ta yaya 30 zai zama babu?

Amsa: Malama, gaskiyar malaminki ce, kuma wannan kuskure yakan cinye wa ɗalibai shekara. Takin ba tsiro ɗai-ɗai kika zuba wa ba, ɓangaren gona kika zuba wa. Saboda haka abin da kike da shi fuloti (yankin gwaji) ɗaya ne a kowane taki, wanda kika auna sau 30. In ɓangaren gabas ya fi yabanya, wa zai ce takin ne ya jawo, ba gangaren da ruwa ke kwanciya ba, ko tsohuwar suri, ko inuwar bishiya? Abubuwan biyu sun cakuɗe, kuma babu manhajar da za ta raba su bayan girbi.

Gyaran ya samo asali tun aikin Ronald Fisher a tashar bincike ta Rothamsted a Ingila cikin shekarun 1920. Ki fara zagaya gonar ki ga inda take sauyawa. In gangare ne, ki yanka ta rukuni-rukuni a gicciye da gangaren, yadda ƙasar cikin kowane rukuni za ta yi kama da juna. Kowane rukuni ya ƙunshi dukkan abubuwan gwajin, har da fulotin da ba a zuba wa komai ba, wanda shi ne ma'aunin sauran. Wurin kowanne kuma ƙuri'a ce za ta zaɓa, a sake jefa ta a kowane rukuni. Kada ido ya zaɓa, don ido yakan kai abin da zuciya ke so wuri mai kyau.

Rukuni nawa? Cire ɗaya daga yawan abubuwan gwaji, cire ɗaya daga yawan rukuni, ki ninka su. Ana so sakamakon ya kai kamar 12. Abubuwa 5 a rukuni 4 sun ba da 4 sau 3, watau 12, fuloti 20 ke nan. Ki bar tazarar mita 1 tsakanin fulotai don kada ruwa ya kai takin wannan cikin wancan. Ranar girbi ki bar layukan gefe, ki ɗauki na tsakiya kawai. Sannan ki auna danshin hatsin kowane fuloti ki mai da su ma'auni ɗaya: kilo 100 mai danshi kashi 25, in ya bushe zuwa 13, kilo 86 ne ya rage. Wanda bai gyara wannan ba, ruwa yake kwatantawa yana kiransa amfani.

Aikin da kika riga kika yi bai tafi a banza ba, amma a matsayin gwajin share fage za a rubuta shi.

Tambaya: Ina son bincike da jirgi mara matuƙi, amma ba ni da halin sayensa. Akwai mafita?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, amma ta danganta da girman gonar. Taurarin Sentinel-2 na Turai suna ba da hoto kyauta, suna dawowa kan wuri ɗaya kamar duk kwana 5, kuma kowane ɗigo na hoton mita 10 ne a kan 10. Da shi ake fitar da NDVI, lambar da ke nuna yawan koren ganye da lafiyarsa: a ɗauki hasken da ke gaba da ja wanda ido ba ya gani, a cire jan haske, a raba da jimlarsu. Ganye mai lafiya yana shanye ja yana mai da ɗayan, sai lambar ta haura 0.6, ƙasa tsirara kuwa ba ta wuce 0.1 zuwa 0.2.

Inda ake tuntuɓe uku ne. Fulotin gwaji mai mita 5 a kan 5 bai kai ɗigo ɗaya ba, don haka tauraro na manyan gonaki ne. Gajimare kuma yana rufe hoto daidai lokacin da shuka ke girma. Na uku, da zarar ganye ya rufe ƙasa ruf, lambar takan tsaya ko da shukar na ƙara yawa. Ban da haka, NDVI ba ya bambance hatsi da ciyawa, kuma ba ya faɗin dalilin rawayar ganye. Sai an taka gonar an ɗauki samfuri. In ka samu aron jirgin daga sashenku, tashe shi wajen tsakar rana, hotunan su riƙa hawa kan juna da kashi 70 zuwa 80, ka kuma ɗauki hoton allon daidaita haske kafin tashi da bayan sauka, in ba haka ba hoton yau da na mako mai zuwa ba za su kwatantu ba.

Tambaya: Ina so in nuna cewa barin karan amfani a gona yana ƙara kabon a ƙasa. Shekara ɗaya gare ni.

Amsa: 'Yar'uwa, sauya tambayar. Kabon ɗin ƙasa a hankali yake motsi. Bambancin da ke tsakanin taku goma a gona ɗaya ya fi abin da zai ƙaru cikin shekara, kuma yakan ɗauki shekaru biyar ko fiye kafin awo ya kama shi. Gwajin alkama na Broadbalk a Rothamsted tun 1843 ake yinsa. Ko dai ki roƙi shiga wani tsohon gwaji da ke gudana, ko ki auna abin da ke sauyawa cikin zangon noma ɗaya: danshin ƙasa, zafinta, saurin shigar ruwa, yawan ciyawa.

In danshin kika zaɓa, kada ki amince da na'urar da ake cusawa a ƙasa sai kin gwada ta da irin ƙasarki, don laka da gishiri suna karkatar da ita. Ɗebi samfuri kusa da na'urar, ki rufe shi kada ya sha iska, ki auna nauyinsa, ki busar a tanderun ɗakin gwaji a zafin digiri 105 na awa 24, ki sake aunawa. Giram 120 da ya koma 100, danshinsa kashi 20 ne na nauyi. Na'urar kuwa da girman wurin da ruwan ya cika take lissafi, ba da nauyi ba, saboda haka sai kin ninka danshin nauyin da nauyin busasshiyar ƙasa a kowane santimita kubik kafin ki jera lambobin biyu. Ki yi haka a jiƙe sharkaf, da tsaka-tsaki, da kuma a bushe, aƙalla sau biyar kowanne.