Amsa kan fitilun Corvette da ke ɗagawa da zuƙon iska

Yarona, na ga saƙonka a kan Corvette ɗin nan ƙirar 1976 da aka kawo gareji bayan tafiyata. Ka ce fitilar hagu tana ɗagowa da ƙyar, sai ta dama ta daɗe da tashi kafin ita ta biyo, kuma duk sanda aka tayar da injin da safe fitilun biyu suna leƙowa sama su sake komawa ba tare da an taɓa makunni ba. Shawararka ita ce a yi odar gwangwanayen ɗaga fitila, wato na'urorin da zuƙon iska ke motsa sandarsu ta ɗaga murfin, guda biyu sababbi daga Amurka. Kada ka sa mai mota ya kashe ko kwabo tukuna, domin abin da ka faɗa cuta biyu ce daban, kuma ɗaya daga cikinsu ba ruwanta da gwangwani ko kaɗan.

Kamfanin Chevrolet ya yi amfani da zuƙon iska, wato bakyum, wajen ɗaga fitilun Corvette daga 1968 zuwa 1982. Na 1963 zuwa 1967 da na 1984 zuwa 2004 da lantarki suke ɗagawa, amma wannan da zuƙo take aiki, shi ya sa neman matsalar a fis ko a waya ɓata lokaci ne. Zuƙon yana fitowa daga manifol, wato bututun da injin ke shaƙar iska ta cikinsa, ya ratsa ƙaramar filta, ya wuce bawul mai hanya ɗaya, sannan ya rabu gida biyu. Manyan tiyo suna kai shi tankin ajiya, daga can zuwa rile biyu, wato bawul masu karkatar da zuƙo wajen ɗagawa ko rufewa, da gwangwanaye biyu, kuma waɗannan manyan tiyo su ne masu aikin ƙarfi. Ƙananan tiyo kuwa suna bi ta makunnin fitila da wani maɓallin da ke ƙarƙashin sitiyari, su ƙare a saman kowane rile, aikinsu ba da umarni kawai. Abin da yara da yawa suke juyawa a kai shi ne, kasancewar zuƙo a ƙaramin tiyo shi ke riƙe fitila a rufe. Idan ka kunna fitila, makunnin yana yanke zuƙon ne, sai sifirin ɗin cikin rile ya tura sandarsa, ya buɗe wa babban zuƙo hanyar ɗagawa. An yi haka da gangan don idan layin umarni ya fashe da dare direba ya samu fitila a buɗe. Masu Lotus Elan na farko a Ingila sun ɗanɗana akasin wannan, inda zuƙo ne yake ɗaga fitila, sai mutum ya danne totur a kan hawa zuƙon ya ragu fitilu su fara sunkuyawa, har daga baya kamfanin ya sauya tsarin.

Da wannan ka ga dalilin leƙowar safe. Mota ta kwana, zuƙo ya tsiyaye, rile ya koma matsayin buɗewa. Da injin ya tashi, babban layi ya riga ƙarami cika, fitilu su tashi, sai ƙaramin ya kamo su ya mayar. Wannan yana nuna yoyo a layin umarni, ko bawul mai hanya ɗaya da ya daina riƙewa, ko robar saman rile da ta tsufa. Kafin komai, leƙa ƙarƙashin sitiyari ka tabbatar maɓallin nan a ture yake sama, domin an sa shi ne don a ɗaga fitilu ba tare da kunna su ba lokacin wanki ko canjin ƙwai, kuma na sha ganin an bar shi rabi da rabi yana tsotsar iska.

Fara awo daga tushe. Ɗauki gejin bakyum ka sa a tiyon da ke fitowa daga manifol, injin yana silo ya yi zafi. Lafiyayyen injin da ba a taɓa masa kamshaf ba yana ba da inci 17 zuwa 21 na zaiba, allura a tsaye. Idan ka samu ƙasa da haka sosai, injin za mu fara dubawa. Daga nan cire bawul mai hanya ɗaya ka gwada shi da famfon hannu, ko da bakinka ma idan ka goge shi: iska ta wuce zuwa wajen injin kawai, kada ta dawo. Kuɗinsa kaɗan ne, amma shi ke tsare abin da ke cikin tanki sa'ad da direba ya danne totur zuƙon manifol ya faɗi kusan sifiri. Sai tankin: toshe mafitarsa, ja zuƙo, kashe injin, ka zuba wa allura ido na 'yan mintuna. Idan tana zamewa ƙasa, tsatsa ta huda shi ko bakin tiyo ya tsage.

Kan maganar tiyo, kada ka yarda da idonka. Robar da ta kusan shekara 50 takan yi kyau daga waje, amma idan ka zare ta daga bakin ƙarfe ka lanƙwasa ƙarshenta za ka ga tsaga siririya kamar faso a diddige. Sau da yawa yanke inci ɗaya a mayar ya isa gwaji. Zare su ɗaya bayan ɗaya, kuma ka lura da zanen launin da ke jikin manyan: mai rawaya shi ke kawo zuƙo daga tanki zuwa rile, kore na ɗagawa, ja na rufewa. Wani gareji ya taɓa kawo mini irin motar nan an canza mata tiyo duka da baƙi zalla babu alama, na yini guda ina bin su da hannu kamar mai warware zare.

Fitilar hagu kuma, tunda ita kaɗai ke nawa, laifin yana bayan inda layi ya rabu zuwa ɓangarenta: rile ɗinta, tiyonta, gwangwaninta ko ƙarafan da ke ɗaga murfin. Kashe injin, sa famfon hannu kai tsaye a bakin gwangwani inda jan tiyo yake shiga, ka ja zuƙo ka ga ko zai riƙe, sannan ka yi haka a bakin kore. Idan ja ya riƙe kore ya zubar, to robar nan ce mai kama da malfa da ke kewaye da sandar gwangwani ta yage, kuma ana sayar da ita ita kaɗai, canjinta bai kai awa ɗaya ba. Zatona ya fi karkata can. Idan duka biyun suka zubar, fatar robar ciki ta tafi, a nan ne kawai zan yarda a sayi gwangwani, shi ma guda ɗaya. Idan kuwa duka suka riƙe, musanya rile na hagu da na dama. In nawar ta koma dama, ka kama ɓarawonka. In ba ta koma ba, zare tiyon ka motsa ƙarafan da hannu daga ƙasa, ka nemi inda busasshen giris ko ƙarfe mai lanƙwasa yake cijewa. Kada ka kuskura ka sa yatsa a cikin ramin fitila injin yana aiki, domin murfin yana rufowa da ƙarfin da zai iya fasa maka farce.

Ka saurari silon motar ma, saboda yoyon da ke wahalar da fitila yana shigar wa injin iskar da kafireto bai auna ba. Matse babban tiyon manifol da filaya a hankali, in silo ya daidaita ka san yoyon ba ƙarami ba ne. Rubuta abin da geji ya nuna a manifol, a bayan bawul, a tanki da bakin kowane gwangwani, ka ajiye mini takardar a kan benci kafin in dawo ranar Litinin.