Sarkinsu ɗaya, to me ya sa Ingila da Wales suke karawa a Kofin Duniya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Gardama ce ta ƙi ƙarewa a majalisarmu. A Kofin Duniya na Katar mun ga Ingila ta ci Wales 3-0, alhali an ce mana sarkinsu ɗaya, fasfonsu ɗaya. Amma in an zo Olamfik sai su fito tare da sunan Birtaniya. Shin ƙasa ɗaya ce ko ƙasashe ne? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka faɗa wa 'yan majalisarku kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. A Majalisar Ɗinkin Duniya kujerarsu ɗaya, sojansu ɗaya, fasfonsu ɗaya. Amma a cikin gida al'ummomi huɗu ne: Ingila, Scotland, Wales da Ireland ta Arewa, kuma kowacce da hanyar da ta bi ta shigo.

Bakinmu ne ya saba da kiran duka Ingila, don ita ce babba, a shekarar 2021 tana da mutum wajen miliyan 56 daga cikin kusan miliyan 67. Sai dai wannan sabo yana tauye haƙƙin mutane. Hugh Clapperton, Baturen da ya shigo Kano a 1824, ya wuce Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, daga baya ya dawo ya rasu a can a 1827, mutumin Scotland ne. Haka ma Mungo Park da ya mutu a Busa. Mu kuwa duk Turawan Ingila muke ce musu. Ɗan birnin Glasgow na Scotland in ka kira shi ɗan Ingila, nan take zai gyara maka, kuma ni ban ga laifinsa ba.

Wales da yaƙi aka ci ta. Sarkin Ingila Edward na Ɗaya ya gama murƙushe sarakunanta a 1283, sannan a 1301 ya naɗa ɗansa Yariman Wales, sarautar da har yau ake ba mai jiran gado. Scotland kuwa gadon sarauta ne ya kawo ta. Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Ɗaya ta rasu a 1603 ba ta bar ɗa ba, sai sarauta ta faɗa hannun ɗan'uwanta James, wanda dama shi ne Sarkin Scotland. Aka yi shekara ɗari da 'yan kai sarki ɗaya, majalisu biyu, sai a 1707 aka haɗe majalisun a Landan. Duk da haka Scotland ba ta saki dokokinta da cocinta da tsarin makarantunta ba, har yau ma wasu bankunanta suna buga nasu takardun fam. Ireland an haɗo ta a 1801, mafi yawanta ya fice a 1922, gundumomi shida na arewa suka zauna. Ka duba tutar Birtaniya da kyau: alamomin Ingila da Scotland da Ireland ne aka ɗora kan juna. Wales ba ta ciki, domin lokacin da aka tsara tutar ana lissafa ta cikin Ingila.

Yanzu ga maganar ƙwallo, wadda ita ce ainihin tambayarka. Waɗannan al'ummomi sun riga FIFA zuwa duniya. Hukumar ƙwallon Ingila an kafa ta a 1863, ta Scotland a 1873, ta Wales 1876, ta Ireland 1880. Wasan ƙasa da ƙasa na farko da aka amince da shi a tarihi tsakanin Scotland da Ingila aka yi shi, a Glasgow, ranar 30 ga Nuwamba 1872, aka tashi babu ci. FIFA ba ta zo ba sai 1904. Ka ga ke nan ta tarar da su kowa da gidansa, da rigarsa, da magoya bayansa, ba ta da bakin cewa su haɗe. Har gobe kwamitin da ke tsara dokokin ƙwallo na duniya, wanda aka kafa a 1886, ƙuri'a takwas gare shi: huɗu na FIFA da ke wakiltar sauran duniya kaf, huɗu na waɗannan hukumomi. Ba a canza doka sai da ƙuri'a shida. Dokar satar gida da kuke ta muhawara a kanta a gidan kallo, daga wannan tebur take fitowa.

Olamfik kuma kwamiti ɗaya ta sani na Birtaniya, shi ya sa suke fita tare. Wannan ne ma ya sa da wuya ka ga Birtaniya a ƙwallon maza na Olamfik, don hukumomin ƙwallon Scotland da Wales da Ireland ta Arewa suna tsoron in sun saba haɗuwa, wata rana a ce musu su haɗe a Kofin Duniya ma. Da Landan ta karɓi baƙuncin gasar a 2012 an haɗa ƙungiya duk da ƙin yardarsu. Ryan Giggs ɗan Wales ne kyaftin, ga Aaron Ramsey da Craig Bellamy, amma babu ɗan Scotland ko na Ireland ta Arewa ko ɗaya. Koriya ta Kudu ta fitar da su a bugun fenariti, a birnin Cardiff.

Wataƙila wani a majalisar zai ce to yaya Swansea da Cardiff, ƙungiyoyin Wales, suka buga Firimiyar Ingila? Sun shiga gasar Ingila ne tun kafin Wales ta kafa tata babbar gasar a 1992, suka ci gaba da zama. Cardiff ma ta taɓa ɗauke Kofin FA daga Ingila, a 1927, bayan ta ci Arsenal ɗaya da nema.