Ko In Gina Shaguna a Gonarmu da Ke Bakin Shingen Filin Jirgi?

Tambaya: Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Injiniya. Ni mazaunin wani ƙauye ne da ke maƙwabtaka da filin jirgin saman Dutse, kuma gonarmu ta gado tana daidai saitin inda jirgi yake sunkuyowa idan zai sauka. Tun bayan damina ake ta raɗe-raɗin cewa za a faɗaɗa filin, a yi sabon ginin matafiya da wurin lodin kaya da sabuwar hanya. Dillalai sun fara yanka fuloti, wasu kuma suna ba ni shawarar in yi maza in zuba bulo in tayar da shaguna, wai idan aiki ya zo ko dai in sami kasuwa ko in karɓi diyya mai tsoka. Ni ne babba a gida, kuma akwai haƙƙin marayu da mata a gonar. Hankalina ya rabu biyu. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya saka maka da alheri da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka taɓa dukiyar marayu. Shawarata a taƙaice ita ce kada ka aza ko bulo ɗaya a wannan gona, kada kuma ka sa hannu a takardar kowa, har sai gwamnati ta fito da taswirar aiki a hukumance kun gan ta da idonku.

Da farko ka san cewa ciniki a filin jirgi yana bin ƙofar shiga ne. Idan muna zana faɗaɗa filin jirgi, titin saukar jirage muke fara kafewa, domin iska ce ke zaɓar masa fuska, shi ya sa babban titin filin jirgin Malam Aminu Kano ya miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, yadda iskar hunturu da ta damina suke kaɗawa a ƙasarmu. Bayan haka ake ajiye farfajiyar jirage da ginin matafiya a gefe guda na titin, kusa da tsakiyarsa gwargwadon hali, don kada jirgi ya yi doguwar tafiya a ƙasa. Wurin lodin kaya ana ware masa ƙofarsa da hanyarsa ta manyan motoci, saboda bai dace tirela ta cakuɗe da motocin maniyyata da masu rakiya a lokacin jigilar alhazai ba. Duk wanda ya taɓa raka alhaji ya san cewa mutum ɗaya yana iya zuwa da mota biyu cike da dangi, don haka a filaye irin na Dutse, wanda aka buɗe a 2014, cunkoson da ya kamata mai zane ya yi lissafinsa shi ne na waɗannan 'yan makonni. Mai shayi da mai abinci da ɗan a-daidaita-sahu da mai masauki duk a kan hanyar da ta taso daga gari zuwa ƙofa za su ci abinci. Fasinja ba ya zagayawa bayan shinge ya sayi ruwa, kuma ƙofa ɗaya ko biyu kawai ake bari saboda tsaro.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wanda kusan kullum sai na yi musu da wani a kansa. Mutane suna kallon filin da ke gaban bakin titin jirgi, su ga babu komai a cikinsa sai ciyawa da sabara, sai su ce gwamnati ta bar ƙasa tana zaman banza. Wallahi wannan fili yana aiki dare da rana, kuma aikinsa shi ne ya zauna babu komai. Mafi yawan haɗurran jirgin sama a lokacin tashi da sauka suke faruwa. Jirgin da birki ya ƙwace masa a nan yake zarcewa, wanda ya sauka bai kai titi ba a nan yake faɗuwa, wanda injinsa ya mutu yana tashi a nan yake neman inda zai dafa. Ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ce a bar mita 60 bayan ƙarshen titi, sannan a ƙara aƙalla mita 90 na kariya, ta kuma fi son a kai shi mita 240 a manyan tituna. Fitilun da ke jagorantar matuƙi zuwa bakin titi su kaɗai suna iya cin mita 900 a miƙe. Idan kuwa aka ce za a tsawaita titi don manyan jiragen kaya, to duk waɗannan ma'aunai gaba za su matsa, kuma gona irin taka ce farkon abin da za su hau.

Ko wajen shinge ma sararin sama yana da iyaka. A titin da jirage ke sauka da taimakon na'ura, akwai wani layi da ido ba ya gani wanda yake tashi daga kusa da bakin titin, yana hawa mita 1 a cikin kowace mita 50, kuma ba a yarda wani abu ya huda shi ba. Ma'ana, a nisan mita 500 tsayin mita 10 ne iyaka, a nisan kilomita 1 kuwa mita 20. Giginyar da ta manyanta tana wuce haka. Hasumiyar masallaci, da turken tankin ruwa, da dogon ƙarfen kamfanin waya, duk suna iya wuce haka. Jirgi yana gangarowa ne a kan karkata ta digiri 3, wato idan ya rage masa kilomita 1 ya kai bakin titi, tsakaninsa da ƙasa bai cika mita 70 ba. Ka ƙara da hazon watan Disamba da Janairu, lokacin da mutum yake tsaye a gona ba ya hango bishiyar da ke gonar maƙwabcinsa. Wannan ne dalilin da ya sa hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, take buƙatar a nemi izinin tsayi kafin a kafa dogon gini ko turke a kusa da filin jirgi. Dillalin da yake cewa "ai ƙasarka ce, ka gina abin da ka ga dama" bai taɓa jin wannan ba, ko ya ji ya ɓoye don ya karɓi la'adarsa.

Mutanen Kano ba su manta da ranar 4 ga Mayu, 2002 ba, lokacin da jirgin kamfanin EAS ya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ya faɗa kan gidaje a unguwar Gwammaja. Mutane fiye da 100 suka rasu, cikinsu har da waɗanda suke zaune a gidajensu ba su da niyyar zuwa ko'ina. Allah Ya jiƙansu da rahama. Kano ta ga saukar jirgi tun 1925, sannu a hankali gari ya yi ta matsowa har ya kewaye filin, kuma yau babu mai iya kwashe waɗannan unguwanni. Dutse tana da sauran dama, tunda har yanzu gonaki ne a kewaye, kuma abin takaici ne a ce fuloti-fuloti za a cinye wannan dama.

Sai maganar tsuntsaye, wadda mutane suke yi mini dariya idan na kawo ta. Inda aka yi shaguna za a yi juji, inda aka yi juji da mahauta shirwa da ungulu za su yi sansani, inda aka haƙa kududdufi don yin bulo balbela za ta sauka. Shirwa ɗaya idan ta shiga injin jirgi yana tashi tana iya kashe shi. Shi ya sa ake son a sa ido a kan duk juji da mayanka har nisan kilomita 13 daga filin jirgi. Haka kuma masu yanke wayar shinge don su gajarce hanya da babur ko su shigar da awaki kiwo, su sani cewa rayukan ɗaruruwan mutane suke wasa da su, kuma dagaci da mai unguwa da limami suna da alhakin faɗa musu.

Game da diyya kuwa, a nan ne aka fi yaudarar mutanen karkara. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar ƙasa don amfanin jama'a, kuma abin da ta ce a biya shi ne darajar abin da aka yi a kan ƙasar, kamar gini da amfanin gona da itatuwa. Daga nan ne dillalai suka samo hujjarsu ta cewa a yi maza a yi gini. Abin da ba sa faɗa shi ne, akan sa ranar rufe ƙidayar abubuwan da za a biya diyyarsu a irin waɗannan ayyuka, yanzu kuma hoton tauraron ɗan'adam yana nuna watan da kango ya tsiro a gona. Ginin da aka yi ba da izini ba, a wurin da aka hana gini, ana iya rushe shi ba a biya ko sisi ba. Na taɓa tsayawa a kan wani aiki inda na ga dattijo ya sayar da shanunsa biyu ya jera ɗakuna huɗu marasa rufi, ya zauna a gindin bangon yana jiran masu ƙidaya, suka zo suka wuce shi. Ban manta fuskarsa ba har yau. Ba na wanke ma'aikata, domin jinkirin biyan diyya da ɓoye taswira a cikin durowa su ne suke buɗe wa 'yan damfara ƙofa, kuma da za a manna taswirar a ƙofar gidan hakimi tun farko da rabin wannan fitina ba ta taso ba.

Akwai haƙƙin da dokar ta ba ku wanda ya fi shago amfani. Ta ce idan aka karɓe gonar da mutum yake nomawa a ƙarƙashin mallakar gargajiya, ƙaramar hukuma ta ba shi wata gonar a madadinta. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 kuma ta wajabta a yi nazari kafin babban aikin filin jirgi, a baje rahoton inda jama'a za su gani su faɗi ra'ayinsu. Ku halarci wannan zama a ƙungiyance, ku tambayi inda sabuwar hanya za ta bi, ku nemi a bar muku burtali da hanyar zuwa kasuwa da maƙabarta, domin shingen filin jirgi yana iya raba ƙauye da rijiyarsa ya mayar da tafiyar minti goma ta koma ta awa guda.

Kafin nan, ka tara magada a gaban dagaci a rubuta iyakokin gonar da sunan kowane mai haƙƙi, marayu da mata a sahun farko. Ka ƙirga kowace bishiyar ɗorawa da kuka da dabino da mangwaro, ka ɗauki hotonsu da waya mai nuna kwanan wata, ka nemi takardar shaidar mallaka daga ƙaramar hukuma, ka ajiye kwafi a hannun mutum biyu. Ka ci gaba da noman gyaɗarka da wakenka kamar yadda ka saba. Idan kuma akwai kuɗin da ka tanada don shaguna, ka riƙe su har a kafa turakun awon hanyar da za ta shiga ƙofar filin, sannan ka nemi wuri a can da takarda mai hatimi.