Rediyo murɗa shi ake yi, kalangu kuwa matsewa

Wani ɗalibi daga Gadarif ta ƙasar Sudan ya rubuto: "Malam, me kalmar Turanci tune take nufi? Mu a gida zabbata muke cewa."

Ɗana, zabbata Larabcin Sudan ce kuka ɗora wa hular Hausa. Ban hana ba, amma ka san abin da ka bari a gida. Bature da wannan kalma guda ta tune yake gyara sautin abin kiɗa, ya nemo tasha, har ya daidaita injin mota. Bahaushe kuwa hannu yake kallo, ya ga me yake yi.

Rediyo murɗa shi ake yi har a kama tasha. Dattawan garin Mai Wurno na Sudan, waɗanda kakanninsu suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, sun san daɗin wannan kalma: a zauna a murɗa a hankali, ana ta shuuu, har muryar Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, ta fito tangaram.

Kalangu fa? Nan ne raina yake ɓaci. Kwanan baya na ji wani saurayi a gidan biki yana cewa a saita kalangu. Haba! Agogo ake saitawa. Kalangu matse shi ake yi a hammata, igiyoyin su ja fata, murya ta hau. A sassauta, ta sauka. Da haka yake magana, domin Hausa kanta hawa da sauka take yi, shi ya sa mai kunne yake jin kirarinsa ba a buɗe baki ba. Goge ɗaure tsarkiyarsa ake yi, ta izgar doki. Ganga in sanyin damina ya sa fatarta ta saki, rana ake sa ta ko a kara ta da wuta. Duk wannan a dunƙule shi a saita?

Wata baiwar Allah daga Kasala: "Me ya kawo zango cikin gajeren zango?"

Zango masaukin matafiya ne, da kuma tazarar da ke tsakanin masauki biyu. Tazarar aka ara wa igiyar rediyo, shi ya sa kike jin mita 19 ko mita 25.

Wani daga Bur Sudan: "In kiɗa ya canza, ko in kiɗa ya sake?"

Duka ana faɗa, Alhaji. Sake ce tamu ta asali, canza aro ce daga Turanci.