Yaran da suka ƙi faɗin sunan uba

Ɗiyata, saƙonki ya iso, na yi dariya har goggonki ta leƙo. Wai kin haɗa yara bibbiyu a darasin Turanci, kowa ya tambayi ɗan'uwansa sunan mahaifinsa, sai rabin aji suka sunkuyar da kai, shi ne kike tambaya ko ki tilasta musu. Ke da har yau Abba kike kiran yayanki don sunan kakanku gare shi, ke ce mai mamakin wannan?

A 1976, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta buɗe firamare kyauta, aka tura ni wani ƙauye. Yara sun fi ƙarfin ɗakuna, ajina a gindin darbejiya yake. Koyarwar kuwa irin ta makarantar allo ce, malam ya faɗa, yara su amsa da ƙarfi. Wanda ya yi Hausa, monita ya rubuta shi, tarar kwabo.

Ranar nan sufeto ya zo a babur, ya tsayar da wani yaro ɗan mahauta, ya yi masa wannan tambayar taki. Yaro ya san amsa sarai, ni na koya masa. Ya dubi ƙasa. Sufeto ya maimaita, ya ɗaga murya, har hawaye suka zubo wa yaron, ni kuma gumi ya jiƙa min riga. Sai hedimastanmu, tsohon ɗan midil, ya matso a hankali ya ce, ranka ya daɗe, a tambaye shi kuɗin nama mana.

Daga makon nan ya sa muka riƙa cin kasuwa kowace Juma'a. Marafan kwalba ne kuɗi, gyaɗa da goruba ne haja, ciniki duk da Turanci. Kowane yaro a ba shi suna na wasa da uba na wasa, wannan ɗan direba, wancan ɗan alƙali. Tsohon yakan ce, harshen aro ne, to a ara musu uba su faɗa. Yakan kuma ce bakin da ya tsorata ba ya kama yare. Ɗan mahautan nan ba wanda ya iya taya hajarsa ya yi nasara a kansa, ƙirge har ɗari a bakinsa yake kafin damina ta fita.

Yanzu fa? Iyaye na biyan kuɗi masu yawa don jariri ya ce Dadi, ya kira sunan ubansa gatsau gaban baƙi, ana tafa masa. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 cewa ya yi a fara da harshen gida a shekarun farko na firamare, amma wa ya karanta?

Batun tilastawa kuma, bari sai kin zo hutun Sallah. Ki faɗa min yara nawa ne a ajin naki, kuma ko har yanzu monita na karɓar tara.