Mahaifinmu ɗan fansho ya rasu: akwai abin da ya rage wa magada?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya yi aikin kuku a wata kwalejin gwamnatin tarayya ta kwana. Ya yi ritaya a 2019, yana karɓar fansho duk wata har Allah ya yi masa rasuwa kwanan baya. Ya bar mata biyu da 'ya'ya tara, maza biyar mata huɗu. Sunan babban yayanmu ne mahaifin namu ya rubuta a fom a gurbin next of kin, shi kuma yana cewa in akwai kuɗi to nasa ne. Maƙwabta kuma suna cewa za a ba mu albashin shekara uku. Mene ne gaskiyar lamarin, kuma ta ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba ku haƙurin rashi.

Mu fara kawar da maganar albashin shekara uku, 'yar'uwa, don kada a gina buri a kanta. Tana da asali: Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na jimillar albashinsu na shekara ba. Amma wannan ta wanda ya rasu yana bakin aiki ce. Ranar da mahaifinku ya ajiye aiki, ranar ya fita daga cikinta.

Abin da ya rage muku ya dogara ne kan zaɓin da ya yi lokacin ritaya. Tun daga 2004 ma'aikacin tarayya, malami ne ko kuku ko maigadi ko masinja, yana da asusun ajiyar fansho na kansa, wato RSA, a hannun wani kamfanin fansho da ake kira PFA. A ƙarƙashin dokar 2014 ana cire kashi 8 cikin ɗari daga albashinsa, gwamnati ta zuba kashi 10. Idan ya yi ritaya sai a ba shi wani kaso a dunƙule, sauran kuma ya zaɓi ɗaya daga hanyoyi biyu.

Hanya ta farko, ya bar kuɗin a wurin kamfanin fanshon, suna ci gaba da juya shi suna yanko masa wani abu duk wata. In wannan ya zaɓa, kuɗin bai bar sunansa ba. Duk abin da ya rage a asusun ranar da za a biya, har da ribar da ya tara bayan rasuwar, na magada ne. Sai dai kada ku yi mamaki in kun tarar bai kai yadda kuke zato ba. Albashin ƙananan ma'aikata ba shi da yawa, kuma shekara da shekaru ana ɗiba.

Hanya ta biyu, a kwashe kuɗin a miƙa wa kamfanin inshora, shi kuma ya ɗauki alkawarin biyansa duk wata har ƙarshen rayuwarsa, ko da zai kai shekara ɗari. A nan ne iyalai suka fi ruɗewa. Kuɗin ya zama na kamfanin inshora, abin da ya rage wa magada shi ne lamunin shekara goma na farko. Wanda ya rasu kafin shekara goman ta cika, za a biya magadansa na watannin da suka rage. Wanda ya haura goma, ko da wata ɗaya ne, babu abin da za a ba kowa. Ga misali, ba lissafin mahaifinku ba: mutum na karɓar ₦35,000 a wata, ya ci wata 78 ya rasu. Shekara goma wata 120 ce, saura 42, wato ₦1,470,000 a lissafin kai tsaye. Abin da za a ba da a dunƙule yakan ɗan gaza haka, domin ana biyan kuɗin da lokacinsa bai zo ba, sai a rage masa daraja. Tunda mahaifinku ya yi ritaya a 2019, in inshora ya zaɓa, lamuninsa bai ƙare ba sai 2029.

Akwai kuma waɗanda abin da suka tara bai isa a riƙa yanka musu na wata-wata ba, aka ba su duka lokaci guda. Wannan ya yawaita a tsakanin masu shara da masu gadi. Bai shafe ku ba, tunda kun ce yana karɓa duk wata.

Gane hanyar da ya bi ba wuya. Ku duba saƙon banki a wayarsa ko takardar bayanin asusunsa, ku ga sunan mai turo kuɗin: kamfanin inshora ne ko ɓangaren fansho. In ba ku gane ba, ku nemo lambar RSA ɗinsa a cikin takardunsa, tana farawa da PEN, ku je ofishin kamfanin fanshon. Ko inshora ya koma, su suka tura kuɗin, sun san inda ya tafi.

Yanzu batun yayanku. Rubuta sunansa a fom bai mallaka masa ko sisi daga asusun fansho ba. Gurbin na wanda za a tuntuɓa ne idan wani abu ya faru. Sashe na 8 na dokar 2014 ya fayyace cewa kamfanin fansho zai saki kuɗin ne, da amincewar PenCom, hukumar da ke sa ido kan harkar fansho ta ƙasa, bayan ya karɓi wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda a ofisoshi za ku ji ana kiranta Letter of Administration, ko kuma ga wanda kotu ta ba da umarni. Wanda aka ba wannan takarda ma wakili ne, amana ce a hannunsa har ya kai wa kowa rabonsa. In kuma inshora ce, ku nemi ganin takardar yarjejeniyar, domin a can kamfanin yana duba sunayen da mamacin ya rubuta a matsayin masu cin moriya, kuma ba lallai su zama ɗaya da na fom ɗin aiki ba.

Idan iyalin Musulmi ne, ragowar asusun tana shiga cikin dukiyar gado kamar gida da gona. A biya bashi, a fitar da wasiyya in akwai, ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba. A ce bayan haka ₦2,400,000 ya rage kuma iyayen mamacin ba sa raye: matan biyu su raba tumuni, ₦300,000, kowacce ₦150,000. Sauran ₦2,100,000 a kasa 14, kowane namiji ₦300,000, kowace mace ₦150,000. In mahaifiyarsa ko mahaifinsa na raye lissafin ya canza, kowannensu na da sudusi. Rabon kansa ku kai shi gaban alƙali ko malamin da ya san fara'ili, a rubuta, kowa ya sa hannu.

Ta ina za a fara? Da sanar da kamfanin a rubuce, tun kafin a haɗa sauran takardu, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Kuma a ajiye katin ATM ɗinsa. Mutane da yawa kan yi shiru su ci gaba da cirar fanshon wata-wata, suna ganin ai kuɗin babansu ne. Duk abin da ya shiga bayan ranar rasuwa za a lissafa shi a cire daga abin da za a biya, ga shi an ci haƙƙin sauran magada, ga kuma laifin taɓa asusun mamaci.

Sai shaidar rasuwa. In a asibiti ya cika, a karɓi takardar likita. A yi rajistar rasuwar a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tana da ofis a ƙananan hukumomi. In haɗarin mota ne a haɗa da rahoton 'yan sanda. In a gida ya rasu aka yi jana'iza a ranar, kamar yadda aka saba, takardar limami ko mai unguwa da takardar rantsuwa daga kotu suna taimakawa wajen samun ta hukumar ƙidaya.

Takardar kotu ita ce mai cin lokaci. Ana nemanta a sashen kula da dukiyar mamata na babbar kotun jiha, galibi da sunan mutum biyu, da masu tsaya musu, a buga sanarwa a jira ko wani zai yi jayayya, a biya kuɗin da ake ƙiyastawa gwargwadon dukiyar, kuma ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Kafin ku kashe ko kwabo, ku tambayi kamfanin fanshon takardar wace kotu yake karɓa, ya ba ku jerin a rubuce, domin akwai inda umarni mai hatimi daga babbar kotun shari'ar Musulunci ke wadatarwa. A gida mai ɗaki biyu, shawarata a ɗauko wakili ɗaya daga kowane ɗaki. Yawancin fayilolin da ke kwana shekaru a kan tebur ƙorafin ɗan'uwa ne ya tsayar da su, kuma da zarar takardar jayayya ta shiga, kamfani ba zai biya kowa ba sai kotu ta warware.

Kurakurai biyu ne suka fi maido da mutane baya. Na farko, a karɓo takardar kotu ba a ambaci asusun fanshon a jerin dukiyar ba. Dole sunan kamfanin da lambar RSA su fito a ciki, haka ma asusun bankin da fanshon ke shiga, in ba haka ba sai an koma kotu an ƙara. Na biyu, saɓanin suna: Muhammadu a takardar ɗaukar aiki, Mamman a NIN, Mohammed a banki. Ku jera takardun ku duba harafi-harafi, in akwai bambanci a yi takardar rantsuwa tun da wuri. Su ma wakilan za a nemi NIN da BVN da hotunansu, da asusun bankin da za a zuba kuɗin, wanda sau da yawa ake buɗewa da sunan dukiyar mamacin.

Ku kuma tambaya ko an zuba masa haƙƙinsa na shekarun da ya yi kafin Yulin 2004, in ya fara aiki kafin lokacin. Gwamnatin tarayya ce ke biyan wannan kaso cikin asusun, kuma duk wani cikon da ya shigo daga baya na magada ne.

Ga masu karatu da iyayensu ba su cikin wannan tsari: wanda ya bar aikin tarayya a tsohon tsari, fanshonsa na hannun PTAD, hukumar da ke biyan 'yan fanshon tarayya na tsohon tsari, kuma lamuninsa shekara biyar ne daga ranar ritaya. Bayan nan sai dai bashin fansho ko giratutin da ba a biya shi ba. Ma'aikatan firamare da sakandaren jiha kuwa dokar jiharsu ce ke aiki. Kaduna ta koma asusun kowa da nasa tun 2017, Kano da Jigawa kuma asusun haɗaka suke da shi, don haka hukumar fanshon jiha za a nufa, ta hannun ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ko ma'aikatar da mamacin ya yi wa aiki. Maigadi ko mai sharar da ƙungiyar iyaye da malamai ko ɗan kwangila ya ɗauka, a fara tabbatar da cewa an taɓa buɗe masa asusun fansho ma tukuna.

Kamfanin fansho ba ya karɓar kuɗi don ya biya magada, kuma ba a bukatar ɗan tsakiya. In kun cika takardu aka yi ta ja muku rai, ku rubuta ƙorafi zuwa PenCom, a hedikwatarta ta Abuja ko ofishinta na shiyya, ku haɗa da lambar RSA da kwafin takardar da ke nuna ranar da kamfanin ya karɓi fayil ɗinku.