Cikin tagwaye: yaushe ne lokacin haihuwa?

Ƴar'uwa, kin ce cikinki na tagwaye ya kai sati 30, ungozoma ta rubuta miki ranar haihuwa a katin awo, amma surukarki ta ce tagwaye ba sa cika wata tara, kina son sanin gaskiyar maganar.

Maganar Hajiya tana kan hanya. Ranar da ke katin an lissafa ta ne a kan sati 40 daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe, alhali fiye da rabin tagwaye ana haihuwarsu kafin sati 37, domin mahaifa tana saurin cika. Ko naƙuda ba ta zo da kanta ba, likitoci ba sa barin cikin ya wuce sati 38, idan kuma mabiyiya ɗaya ce ke ciyar da su biyun, sukan tsayar da sati 36. Saboda haka ki haɗa kayan haihuwa tun yanzu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda mata ke ɗaukar ciwon mara da ke zuwa yana komawa, ko zubar ruwa kaɗan-kaɗan, a matsayin gajiya, su sha jiƙo su kwanta. Idan kin ga haka, ko jini, ko ciwon kai mai tsanani tare da kumburin fuska, ki tafi asibiti a take ko da tsakar dare ne, domin kafin sati 34 akwai allurar da ke ƙarfafa huhun jarirai, kuma tana buƙatar lokaci kafin ta yi aiki.

Kada ki bar kwana cikin gidan sauro, zazzaɓin cizon sauro ma yana tayar da naƙuda. Idan a ƙauye kike, ki matso cikin Maradi kusa da asibitin da ake iya tiyata.